Biri da bishiya aji ɗaya, gata daban

Tun taron CITES (yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran daji) na Panama a 2022 abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya. Brazil ta nemi a ɗaga bishiyar pau-brasil zuwa Rataye na 1 na yarjejeniyar, inda ake hana cinikin halitta tsakanin ƙasashe. Da yake da icenta ake yin bakan gogen Turawa, makaɗa da masu sassaƙa bakan suka yi caa, aka watse an bar ta a Rataye na 2, inda take tun 2007. Wato ciniki ya ci gaba, in dai da takarda.

A dajin Brazil na gaɓar Atilantika, inda bishiyar take, akwai ɗan biri mai gashi ruwan zinare, Leontopithecus rosalia, ɗan dangin Callitrichidae, ƙananan biran Kudancin Amurka. Ita kuwa bishiyar 'yar dangin wake ce. A 2016 masana suka cire ta daga rukunin Caesalpinia suka ba ta nata, Paubrasilia, ita kaɗai tilo a ciki. Ranar da ta ƙare, gida guda ya rufe ke nan.

Kundin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ya ajiye birin da bishiyar a aji ɗaya, na masu fuskantar barazanar ƙarewa. To amma birin yana Rataye na 1, hotonsa na kan takardar kuɗin Brazil ta 20. A shekarun 1970 bai wuce kamar 200 ba a daji. Gidajen namun daji suka hayayyafa shi, aka mayar da shi gida, har a 2003 aka sauko da shi daga aji mafi haɗari. Madalla, ba na yi masa hassada. Tambayata ita ce: me ya hana a yi wa bishiyar da ƙasar ta samo sunanta daga gare ta irin wannan gata?

Amsar kuɗi ce. Biri yana da fuskar da ke jawo tallafi, bishiya tana da icen da ke jawo ciniki. Masu cewa kiɗan Turai zai mutu in babu ita, su gaya mana da me za su sassaƙa baka ranar da aka sare ta ƙarshe.

A Oktoban 2024, a birnin Cali na Kolombiya, IUCN ta sanar cewa kashi 38 cikin 100 na nau'o'in bishiyoyin duniya na cikin haɗari, sama da 16,000. Labarin ya wuce shiru. Alhali shi kansa birin a kogon bishiya yake kwana. A kai pau-brasil Rataye na 1, a tilasta wa masu cin moriyar icenta su biya kuɗin dashe.