Fitilar Sola Da Magudanar Ruwa: Aikin Da Ke Jiran Ƙananan Hukumominmu

Duk wanda ya yi tafiyar dare a shekarun nan daga Kano zuwa Haɗeja, ko daga Katsina zuwa Daura, ya ga abin da ba mu taso muna gani ba, wato garuruwa da ƙauyuka da fitilun sola suka haskaka bakin titinsu, mai shayi da mai tsire suna ciniki har tsakar dare ba tare da ƙarar janareta ba. Ina cikin masu murna da wannan sauyi, kuma ba na so a ɗauki abin da zan faɗa a matsayin raina shi. Sai dai a duk lokacin da na ga sabuwar falwaya ɗauke da farantin sola a tsaye a gefen kwatar da yashi da leda suka toshe tun bara, hankalina yakan tashi, domin na san cewa ofishi ɗaya ne doka ta ɗora wa alhakin abubuwan nan guda biyu, amma ɗaya kaɗai aka zaɓa aka yi.

A jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, fitilun titi da magudanan ruwa a cikin jimla ɗaya suka zo, tare da gina tituna da kula da su, sannan aka ƙara musu da kwashe shara. Dalilin da ya sa ciyaman yake gaggawar kafa fitila ya bar magudana ba ɓoyayye ba ne. Fitila ana ganinta daga nesa, ana iya liƙa mata hoto da suna, ana ƙaddamar da ita da taro, alhali kwalbati a ƙarƙashin ƙasa yake, ba wanda yake tunawa da shi sai ranar da ruwa ya rasa hanya ya shigo ɗakin mutane.

Babu musu cewa Arewa na buƙatar wutar rana, kuma buƙatar ta gaggawa ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, manomin rani da ke ban ruwa da injin fetur ya shiga tsaka mai wuya, shi ya sa a fadamu da dama za ka tarar mutane sun koma ga famfon da ke aiki da sola. A watan Oktoban 2024 kuma mun ɗanɗana zaman duhu na fiye da mako guda a mafi yawan jihohin Arewa bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta, masu walda da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi damar samar da wutarsu da rarraba ta, kuma tun kafin nan an ga misalai kamar tashar sola ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019 da ta Kumbotso mai megawat 10 da aka ƙaddamar a farkon 2023. Wannan hanya ce mai kyau, kuma ƙasarmu Allah ya hore mata rana. Tambayata ita ce, a ina ake kafa waɗannan kaya, kuma wa ake tambaya kafin a kafa su?

Na yi wannan tambaya ne saboda abin da na gani da idona a garinmu. Shekarun baya aka kawo mana rijiyar burtsatse mai aiki da sola, da tankinta da ɗakin batir, jama'a suka yi ta godiya. Filin da aka zaɓa fili ne da ba shi da rigima, babu mai neman diyya a kansa, kuma dalilin da ya sa babu mai nema shi ne kowa a garin ya san kwari ne, nan ruwan unguwanni uku yake taruwa kafin ya gangara rafi. Dattawa sun faɗa, amma ɗan kwangila da takardarsa ya zo, a takardar kuwa wurin nan aka rubuta. Damina ta biyu ruwa ya kwanta a ɗakin har ya kai gwiwa, inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar solar, ta ƙone, batura suka mutu, mata da yara suka koma ɗiban ruwa a tsohuwar rijiya a daidai lokacin da ruwan rijiyar ya fi gurɓata. Har yau farantan suna nan a sama lafiya lau, sai dai ba sa amfanar kowa. Ba na zargin kowa da mugun nufi, abin da ya faru shi ne wanda ya yanke shawara bai san ƙasar ba, wanda ya san ƙasar kuma ba shi da ta cewa.

Ambaliya kuwa ta daina zama baƙuwa a wurinmu. A 2012 ta raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu a faɗin Najeriya, a 2022 ta kashe fiye da mutum 600, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A daren 9 zuwa 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri har ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa da kasuwar Monday, shekara talatin bayan makamanciyarta ta 1994. A ƙarshen Mayun 2025 kuma sai ga ta Mokwa a jihar Neja, inda ruwan asuba ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa rayuka fiye da 150, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina tun kafin a yi shuka, hukumar NIHSA mai sa ido kan ruwan koguna kuma takan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya da sunayensu. Ana karanta jerin a Abuja, a watsa a labarai kwana ɗaya ko biyu, daga nan sai maganar ta mutu kafin ta isa kunnen kansila ko dagaci, balle mai unguwar da gidajen mutanensa ke bakin rafi.

A ganina tushen matsalar yana cikin yadda aka raba iko a kan ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a yankunan karkara. Dokar tsara birane ta 1992 ta yi tanadin cewa kowace ƙaramar hukuma za ta samu hukumar tsara gari tata, amma a aikace hukumomin jiha ne suka riƙe komai, su ne masu ba da izinin gini, su ne masu rusau, kuma ma'aikatansu ba su da yawan da za su san kowane lungu a jiha mai ƙananan hukumomi 44 kamar Kano ko 27 kamar Jigawa. A tsakanin jihar da ta yi nisa da ƙaramar hukumar da aka raunana, sai awon igiya ya cike gurbin. Dillali ya yanka gona fuloti-fuloti ba tare da ya bar wa ruwa hanya ba, talaka ya saya da guminsa ya gina, bayan shekara biyar a ce masa ya yi gini a kan hanyar ruwa.

Mutanen cikin birnin Kano sun fi kowa sanin labarin kududdufai. Ramukan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini su ne suka zama matattarar ruwan sama na ɗaruruwan shekaru, suna shanye abin da ya sauko kafin ya kai ga gidaje. A 'yan shekarun nan an cike da yawa daga cikinsu da shara da ɓaraguzai an mayar da su shaguna da gidaje, ruwan kuwa bai rage yawa ba don an hana shi masauki, sai ya koma tituna da zauruka. A ƙasar Haɗeja kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin kogi, ta yadda idan ruwa ya taho daga wajen madatsun Tiga da Challawa sai ya fantsama cikin gonakin Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma. Irin wannan ilimi, na sanin inda ruwa ya saba bi da inda ya kai a shekarar kaza, yana nan a kan tsofaffi da masunta da manoman fadama, ba a taɓa zama an rubuta shi a taswira ba.

Yanzu ga manyan gonakin sola suna tafe, kuma suna cin fili sosai, kusan hekta biyu ga kowane megawat ɗaya. Mai zuba jari zai nemi fili shimfiɗaɗɗe mai araha kusa da layin wuta, kuma sau da yawa irin wannan fili shi ne fadama ko gefenta. Idan aka share shi aka daddaɓe aka kewaye da katanga, an jefa kayan miliyoyin naira cikin haɗari, sannan an karkatar da ruwan zuwa ƙauyen da ke ƙasa, an kuma raba manomi da makiyayi da wurin da suke dogaro da shi da rani. Ba na cewa kada a yi, cewa nake a yi a kan tudu da jigawa da ƙasar da ba ta noma, waɗanda muke da su da yawa, kuma kada jiha ta sa hannu a takardar kowane kamfani sai majalisar ƙaramar hukumar ta zauna da hakimi da dagatai ta tabbatar da cewa wurin ba mashigar ruwa ba ne.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce ƙananan hukumomin nan ba su da injiniyoyi, wasu sakatariyoyin ma ba a ganin ma'aikata sai ƙarshen wata, kuma manyan madatsu irin Alau da Tiga suna ƙarƙashin hukumomin raya koguna na tarayya ne, ciyaman ba shi da iko a kansu. Haka ne, ba ciyaman ne zai gyara madatsa ba, kuma wajibi ne mu ci gaba da matsa wa gwamnatin tarayya a kan wannan. Amma raunin ƙananan hukumomi ba daga sama ya faɗo ba, shekaru aka ɗauka ana riƙe kuɗinsu a asusun haɗin gwiwa ana naɗa musu kantomomi. Kotun ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin riƙon ƙwarya. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, amma ko yaushe kuɗin suka iso, tsorona shi ne kada su tafi gaba ɗaya a sayen fitilu da babura na rabo, a bar aikin da ba ya hoto.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar biliyoyi. Kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki ko da ma'aikacin safiyo ɗaya da matasa masu ilimin taswira, waɗanda jami'o'inmu ke yayewa kowace shekara suna zaune ba aiki, su bi mazaɓa-mazaɓa tare da masu unguwanni su shata inda ruwa ya taɓa kaiwa, a liƙa taswirar a sakatariya da ƙofar fadar hakimi inda mai sayen fuloti zai gani kafin ya biya kuɗi. Da wannan taswira za a san inda za a hana gini, da kududdufin da ba za a taɓa ba, da inda ya dace a kafa sola, da kuma tsayin dakalin da za a ɗora batir da inbata a kai.

A nan ne ma wutar rana za ta fi yi mana amfani. Idan ambaliya ta zo, wutar gwamnati ce take fara ɗaukewa, rijiyoyi su gurɓace, amai da gudawa su biyo baya, waya ta mutu a hannun mutumin da ke neman 'yan uwansa. Kusan kullum makarantun firamare ake kwashe mutane a kai, makarantun da ba ruwa ba wuta ba isasshen makewayi. Da a ce kowace mazaɓa da ke cikin haɗari ta ware makaranta ɗaya ko asibitin sha-ka-tafi ɗaya da ke kan tudu, aka sa masa sola mai ƙarfi da burtsatse da firjin ajiye magani da wurin cajin waya, da yara sun amfana da shi duk shekara, ranar da ruwa ya zo kuma kowa ya san inda zai nufa tun kafin gari ya waye. Kuɗin fitilun titi na kilomita kaɗan zai iya yin wannan aiki.

A namu garin mun fara magana da kansilanmu a kan a ɗauke kayan burtsatsen nan daga kwari a mayar da su filin makarantar da ke kan tudu, tun da farantan da tankin ba abin da ya same su, batir da inbata kawai za a saya. Ya yi alkawarin kai maganar gaban majalisa kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi, mu kuma mun sa ranar da za mu koma mu ji inda aka kwana, domin muna so a gama aikin da rani, kafin hadarin farko ya haɗo.