Kilomita 40 a Arewacin Norway da Nisan Sakkwato da Maiduguri

A makon jiya aiki ya kai ni Vadso, can ƙuryar arewa maso gabashin Norway, inda na tarar da wata dattijuwa riƙe da sanda a filin jirgin saman garin tana jiran jirgin da zai kai ta garin Kirkenes domin ganin likita, da niyyar dawowa ta kwana a ɗakinta. Tsakanin filayen biyu bai kai kilomita 40 a miƙe ba, amma wani reshen teku mai suna Varanger ya shiga tsakaninsu, don haka mai mota sai ya zagaye shi, tafiyar kusan kilomita 170 a kan titin da ƙanƙara ke lulluɓewa da hunturu, lokacin da rana kan yi kusan wata biyu ba ta leƙo ba. Jirgin, ƙirar Dash 8 mai farfela biyu da kujeru 39, yana tsallake ruwan cikin kimanin minti 15. Filin kansa ɗan ƙaramin gini ne da gajeren titin sauka, babu kwalliya, fasinja da ƙafarsa yake takawa har gindin jirgi cikin iska mai yanka fuska.

Mutanen Vadso ba su kai 6,000 ba, kuma ba don riba ake kai musu jirgi ba. Filinsu, wanda aka buɗe a 1974, ɗaya ne daga cikin ƙananan filayen da aka shimfiɗa domin garuruwan da ke nesa. Gwamnati ce ke fitar da kwangilar irin waɗannan hanyoyi, ta ƙayyade yawan zirga-zirga da iyakar kuɗin tikiti, sannan ta cike wa kamfani giɓin. Kamfanin jiragen sama na Widerøe ne ya daɗe yana wannan aiki, kuma a Afrilun 2024 aka rage iyakar farashin da rabi. A ganin mutanen Norway, jirgi a irin wannan wuri tamkar gada yake, ba a tambayar gada ribar da ta kawo.

Na san abin da za a ce mini: Norway na da arzikin mai, mutanenta kuma ba su kai miliyan shida ba. Haka ne, kuma a nan ma guguwa na soke tashi, masu ƙorafin tsada ba su ƙare ba. Sai dai mu ma a Najeriya muna da man, filaye kuma ba mu rasa ba, tun daga Birnin Kebbi da Dutse har Bauchi da Gombe. Amma duk wanda ya taɓa neman tashi daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya san sai ya gangara Abuja ya sake hawa, ko ya rungumi titi na fiye da kilomita 1,000 da fargabar da kowa ya sani. Mun gina filaye suna kallon Abuja da Legas da Jidda, ba mu sa su kalli juna ba, kuma tun da aka rushe Nigeria Airways a 2003 aka bar lamarin ga kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayenmu. Mu da ke waje muna iya tura kuɗin asibiti cikin minti ɗaya, amma kuɗin ba sa rage wa tsohuwa awannin da za ta yi a kujerar mota kafin ta ga ƙwararren likita, ba sa kuma sa ɗanta ya riski jana'iza idan aka bugo waya da asuba. Daga Oslo zuwa Abuja ba ya ba ni tsoro kamar ragowar tafiyar daga Abuja zuwa ƙofar gidanmu.