Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu: abin da ke faruwa a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato, kuma kowace shekara nakan zana ƙwayar jijiya a jikin allo, in nuna wa ɗalibai kanta da rassanta da doguwar jelarta, su kwafa a littafi, su amsa a jarrabawa, a wuce wurin. Ban san cewa darasin a takarda kawai yake tsayawa ba sai wata ranar Talata a tsakiyar bazara, lokacin da wani yaro da ke zaune kusa da taga ya saki ƙara, ya sulale daga kan benci, jikinsa ya sandare, sannan ya shiga fizge-fizge, kumfa na fita daga bakinsa. Kafin in ajiye alli aji ya watse, wasu ta ƙofa, wasu ta taga. Da na durƙusa domin in janye bencin in juyar da shi gefe, sai na ji murya daga bakin ƙofa tana cewa, "Malam, don Allah kada yawunsa ya taɓa ka, za ka ɗauka." Wanda ya faɗi haka shi ne ɗalibin da ya fi kowa maki a wannan babi na jijiyoyi, kuma don ƙauna ya faɗa.

Tun daga ranar nake ganin cewa bashi ne a kanmu, mu da muka karanta wannan fanni, mu bayyana shi da harshen da iyayenmu ke ji, domin abin da ya kayar da yaron nan yana da bayani, kuma bayanin bai fi ƙarfin fahimtar kowa ba.

A cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace ɗaya tana magana da dubban 'yan'uwanta. A cikin ƙwaya guda saƙo yana tafiya ne kamar wutar lantarki, amma idan ya kai ƙarshen jela sai ya tarar da rata tsakaninsa da ƙwaya ta gaba, ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. A nan ne ƙwayar farko take sakin wani sinadari, wanda zan kira ɗan aike, ya tsallaka ratar, ya je ya zauna a kan makarɓar da ke jikin ƙwaya ta biyu. Makarɓa kamar kwaɗo take, ɗan aike kuma makullinsa, kowane kwaɗo da irin makullin da ke buɗe shi. Idan ya buɗe, saƙo ya isa, daga nan sai a kwashe ɗan aiken ko a narkar da shi nan take, domin kada ya yi ta maimaita saƙon da aka riga aka karɓa. Wani masani mai suna Otto Loewi ne ya tabbatar da wannan a ƙasar Ostiriya a shekarar 1921, da zuciyoyin kwaɗi guda biyu: ya motsa jijiyar da ke rage bugun zuciyar farko, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, sai ita ma bugunta ya ragu, alhali babu wata jijiya da ta haɗa su. Sinadarin da ke cikin ruwan shi ne asitilkolin, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1936 tare da Henry Dale na Ingila.

'Yan aiken suna da yawa, amma guda biyu ne suka fi shafar maganarmu. Na farko gulutamet, wanda ke zuga ƙwayar jijiya ta tashi ta aika saƙo, na biyu kuma GABA, wanda ke kwantar da ita. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya san cewa mahayi da ƙaimi da linzami yake sarrafa doki, kuma idan linzami ya tsinke ana tsakiyar sukuwa, to dokin ba ya ƙara jin kowa. Haka lafiyar ƙwaƙwalwa take rataye a kan daidaito tsakanin zuga da kwantarwa. Idan zuga ta rinjaya a wani yanki, sai tarin ƙwayoyi su tashi gaba ɗaya suna harba saƙo babu tsari, idan abin ya bazu zuwa sauran sassan sai mutum ya faɗi, tsokoki su sandare su yi ta fizga, hankali ya gushe na ɗan lokaci. Kumfar da ake gudu yawu ne kawai da ya taru saboda mutum ba ya iya haɗiyewa a wannan hali, babu wata ƙwayar cuta a cikinsa da za ta sa wani farfaɗiya. Ni da hannuna na share wa yaron baki da hankici, ga ni kuma ina rubutu.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda dalilan da ke ɓata wannan daidaito suke kewaye da mu. Akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, akwai zazzaɓin cizon sauro idan ya hau ƙwaƙwalwa, akwai buguwar kai a haɗarin babur, akwai kuma sanƙarau, wanda duk wanda ya ga annobar 2017 a Zamfara da Sakkwato da Kabi ba ya bukatar a ba shi labarinsa. Kowane ɗaya na iya barin tabo a ƙwaƙwalwa, tabon kuma ya zama wurin da wutar ke tashi bayan watanni ko shekaru. Wasu kuma gado ne, wasu ba a gano dalilinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ke fama da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan aka gano ciwon aka ba su magani yadda ya dace.

Washegari mahaifin yaron ya zo makaranta, dattijo mai kamala, muka zauna a inuwar dogon yaro. Na ce masa, "Baba, an taɓa kai shi asibiti kuwa?" Sai ya ce, "An kai shi, Malam, har an ba shi ƙwaya yana sha kullum da dare. Wata takwas bai faɗi ba, muka ga ya warke, ga kuɗin magani na ta hawa, sai muka bari." Ban ga laifinsa ba, domin babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani, kuma a saninmu na yau da kullum, idan ciwo ya tafi ai magani ya gama aikinsa.

Amma maganin farfaɗiya ba haka yake ba, kuma wannan ne ya sa ni rubutun nan. Ƙwayar da aka ba yaron, finobabiton, wadda aka fara amfani da ita a Jamus tun 1912, tana zama ne a jikin makarɓar GABA. Wannan makarɓa wata 'yar ƙofa ce da ke barin sinadarin kulorayid ya shiga ya kwantar da ƙwayar jijiya, maganin kuma yana sa ƙofar ta daɗe a buɗe, wato yana ƙara wa linzami ƙarfi. Tabon da ke ƙwaƙwalwa yana nan, maganin yana riƙe da shi ne muddin yana cikin jini. Bayan haka, ƙwaƙwalwa tana sabawa da abin da ake ba ta kullum, tana gyara makarɓanta su dace da shi, saboda haka idan aka yanke magani rana ɗaya sai ta wayi gari linzaminta ya fi na da rauni, faɗuwa ta dawo, wani lokaci ta zo a jere babu farfaɗowa a tsakani, wanda hakan na iya kai wa ga rasa rai. Likitoci sukan duba yiwuwar dakatar da magani ne bayan an yi aƙalla shekara biyu babu faɗuwa, kuma a hankali suke ragewa. Akwai wasu magungunan, irin su kabamazafin da balfurowet, da ke aiki ta wasu hanyoyin, kuma na biyun yana da haɗari ga ɗan tayi, don haka mace mai shirin ɗaukar ciki dole ta faɗa wa likita. Haka nan idan azumi ya gabato, likita za a tambaya yadda za a yi da lokutan sha, domin tsallake magani da ƙarancin barci duka suna tayar da ciwon.

Wannan sabo na makarɓa shi ne kuma ke kama matasanmu da ke shan tiramadol da kodin. Duka biyun suna hawa kan makarɓan da Allah ya halitta domin sinadaran jiki masu rage zafi, idan aka yi ta danna su sai su rage jin saƙo, ƙwaya ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma biyar, ranar da babu kuma jiki ya ɗauki ciwo da gumi da rashin barci. Tiramadol idan ya yi yawa shi kansa yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba. Gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma doka ba ta mayar da makarɓan wanda ya riga ya kamu yadda suke, wannan aikin jinya ne mai ɗaukar lokaci.

Na san akwai mai cewa ina so in kore addu'a, alhali ni ma da ita nake kwana nake tashi. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma a wannan gari Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir, bai ga cewa hakan ya rage masa tawakkali ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗaure yaro, ko a turara masa hayaƙi yana cikin fizga, ko a cusa masa cokali a baki har haƙori ya karye, ko a ɗura masa ruwa ya shaƙe. Wanda ya faɗi ba ya haɗiye harshensa. A janye masa wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, a duba agogo, idan fizgar ta wuce minti biyar ko ta sake dawowa kafin ya farfaɗo sai a garzaya asibiti. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, kuma zuwa Kware ba ya nufin mutum ya haukace, domin farfaɗiya daban, taɓin hankali daban.

Dattijon ya mayar da ɗansa wurin likita a wannan makon, aka sake ɗora shi a kan magani, yanzu mahaifiyarsa ce ke ba shi da hannunta bayan sallar Isha'i. Na sake zana ƙwayar jijiya a ajin, wannan karon da Hausa na yi bayanin ratar da kwaɗon da linzamin, yaron yana zaune yana ji. Bencinsa na mutum huɗu ne, amma har yanzu mutum biyu ke zama a kai, shi da ɗalibin nan da ya ce kada yawunsa ya taɓa ni, sauran biyun iyayensu ba su yarda ba tukuna, kuma na sa ranar zuwa gidajensu.