Ku bar mahajjaci ya huta tukuna

Kwana uku ke nan da saukata Kano daga Jidda, har yau ban yi barcin kirki ba. Tun asuba ake buga ƙofa. Zuwan bai dame ni ba, zumunci ne. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ko zama bai yi ba sai ka ji "Alhaji, ina tsarabata?" Ga tarin da na kwaso a Mina, ga ƙafa a kumbure, babu mai tambaya. Zamzam lita 5 kacal aka ba kowannenmu, yaya zan raba wa unguwa guda? Jiya gwaggona ta fita cikin fushi don dabino da carbi kawai ta samu. Wallahi sai da na yi ƙwalla, domin guzurina na matse na sayo su.