Katin Da Ya Shiga Juji

(Teburin mai shayi, bayan isha'i. Ticha ya ƙura wa waya ido. Alhaji Bakano na kurɓar shayi, Bazazzagi ya duƙufa kan farantin indomi, Malam na gefe yana jan carbi.)

Bakano: Ticha, shayinka ya huce. Albashi ne ya shigo kake wannan kallo?

Ticha: Ina fa! Wata tsohuwar rigima ce ta 'yan karta a Las Begas, can Amurka. Gasar poka ta duniya ta 2012. Mutum 6,598 suka shiga, kowa ya ajiye dala 10,000.

Malam: A'uzu billahi! Caca ke nan.

Ticha: Caca ce, Allah gafarta Malam. Ni shari'ar da aka yanke kawai nake kallo.

Malam: Shari'a? To, ɗan matso da bencin.

Bakano: Dakata tukuna. Kusan dala miliyan 66 fa ke nan a ɗaki ɗaya!

Bazazzagi: An ambaci kuɗi, Bakano ya wartsake.

Ticha: Kowa ana ba shi kati biyu a kife, ana zubi da 'yan ƙwandalolin roba. In ba ka so, ka tura katinka wa mai rabo, wato mai raba kati, ya cusa shi cikin tulin waɗanda aka zubar.

Mai shayi: Juji ke nan.

Ticha: Yauwa. Kati ya shiga juji, ya mutu. To a rana ta biyar, wata Bafaranshiya, Gaëlle Baumann, ta zuba 60,000 na ƙwandalolin roba. Kowa ya janye, sai wani ɗan Hangari, Andras Koroknai, ya ce ya tura duk abin da ke gabansa, sama da miliyan ɗaya. Na kusa da shi ya janye. Gogan naka ya zaci babu saura, ya ci. Sai ya wurga katinsa juji.

Bazazzagi: Ita kuma fa?

Ticha: Tana zaune da sarakai biyu a hannu, kati masu ƙarfi sosai.

Bakano: Bai gan ta ba? Mace guda a gabansa?

Ticha: Ya ce bai lura ta zuba ba. Ya kai hannu ya ceto katin, ɗaya ya samu, ɗayan ya ɓace cikin tuli.

Bakano: Magana ta ƙare. Da bakinsa ya ce duka, a kwashe duka a ba baiwar Allah, ya kama hanyar garinsu.

Ticha: Alƙalin gasa bai ce haka ba, Alhaji. Ya ce a cire 60,000 a ba ta, a mayar masa da sauran.

Bakano: Kan uba! Nawa ya ba alƙalin?

Bazazzagi: Kai komai sai ka sa masa farashi.

Ticha: Hujjarsu ita ce ba ta riga ta ce ta amsa zubin nasa ba lokacin da katin ya mutu. Kuma dokar farko ta ƙungiyar alƙalan poka, wadda aka kafa a 2001, ta ce alƙali ya duba adalci da maslahar wasa, in ya yanke kuma babu ɗaukaka ƙara.

Bakano: Yaushe za ta amsa, mutum ya yi wuf ya zubar? To gobe ni ma in tura duka da katin banza, in na ga idon abokin karawa ya yi ja, in jefar in ce ban gan shi ba.

Malam: A'a, Alhaji, ai niyya ake dubawa. In mantuwa ce, akwai rangwame. In kuwa da gangan ya yi, to wajibi ne a... Subhanallahi! Me nake yi haka? Ku shaida ban ba da fatawa ba.

Bazazzagi: Mun shaida, Malam. Amma ƙarasa, wajibi ne a yi me?

Malam: A tashi daga teburin gaba ɗaya!

Ticha: Ba ku ji komai ba tukuna. Aka ci gaba da wasa har saura mutum 10. Tara ake nema a teburin ƙarshe, kuma a lokacin rabon da mace ta kai can tun Barbara Enright a 1995. Ku canki wanda ya fitar da Baumann.

Mai shayi: Kar dai ka ce mutumin juji.

Ticha: Shi fa. Ta tashi ta 10 da dala dubu 590 da 'yan kai. Shi ya ƙare na 6 da sama da dala miliyan ɗaya da dubu 600.

Bazazzagi: Zakaran da Allah ya nufa da cara...

Bakano: Rufe mana baki! Wannan zakaran ai alƙali ne ya zaro shi daga tukunya.

Mai shayi: Ni dai tambayata, in mai rabon ne ya kwashe maka kati da kansa fa?

Ticha: An yi haka a 2009, a gasar nan dai. Estelle Denis, mai gabatar da shiri a talabijin ɗin Faransa. Wani ɗan wasa, J.C. Tran, ya zuba 32,000, ta tura nata duka, 142,000. Kafin ta ankara mai rabo ya share katinta ya haɗa da juji. Ta ce as biyu gare ta, hannun da babu na sama da shi a farkon rabo.

Bakano: Sai a cire a albashin mai rabo.

Ticha: Aka ce ta raɗa wa alƙali katinta a kunne. Ya duba na saman tulin, ba su ba ne. Aka cire mata 32,000, aka mayar mata da 110,000.

Bakano: Wani ya yi ɓarna, ita ta biya?

Ticha: Dokar ta ce tsare kati aikin mai shi ne. Shi ya sa za ka ga suna danne shi da ƙwandala ko wani ɗan dutse. Kuma a wurin buɗe kati ba a jin "wallahi as gare ni". Sai an gan shi a tebur, kati ke magana.

Bazazzagi: Wato wanda ya zubar da hannunsa da wadda aka ƙwace wa, hukuncinsu ɗaya?

Ticha: Ɗaya. Kowa ya biya abin da ke ƙasa, ya ɗauki ragowarsa.

Bazazzagi: Madalla da wannan doka. (Ya lallaɓa ya tsoma farantinsa cikin bahon wanke-wanke.) Mai shayi, nawa ne shayi kofi ɗaya?

Mai shayi: Da indomi biyu da ƙwai?

Bazazzagi: Wace indomi? Faranti ya shiga juji, ya mutu. Abin da ke tebur zan biya. Ko ba haka ba, Ticha?

Ticha: Ni labari na bayar.

Mai shayi: Babu laifi. A nan ni ne mai rabo, ni ne alƙali. Ina makullin babur ɗinka?

Bazazzagi: Yanzu na ajiye shi nan... Kai!

Mai shayi: Ba ka danne shi da komai ba, na share shi da ɓawon ƙwai.

Bazazzagi: Malam, ka sa baki mana!

Malam: Bakina na kan carbi.

Mai shayi: Matso ka raɗa mini a kunne ƙwai nawa ka ci, in duba tuli.

Bazazzagi: (a hankali) Biyu.

Mai shayi: (yana tona kwandon shara) Ɗaya, biyu, uku, huɗu... Alhaji, haska mini fitila, akwai saura a ƙasa.