Yaya, ki bar shi ya ɗauki cokalin da kansa

Ɗan yayata yana shekara 15 kofin koko ya suɓuce daga hannunsa na dama, wata safiya cikin damina, a ƙauyenmu da ke bayan Ringim. Baki ya karkace, magana ta sarƙe. Aka ce iska ce ta buge shi, don wa ya taɓa jin shanyewar ɓarin jiki ga yaro? Kwana uku ana tofi da rubutu kafin a nemi motar Kano. Ban raina addu'a ba, ni ma ita na kwana yi a nan Manchester. Amma ai tofi ba ya hana shiga mota.

Yaron yana da sikila. Jinin mai sikila kan toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma na irin waɗannan yara kan gamu da wannan lalura kafin su kai shekara 20. A Ingila tun jariri bai yi sati ba ake tsaga ɗan dudduge a gwada jininsa, sannan idan yana da sikila, daga shekara 2 zuwa 16 duk shekara sai an ɗora masa na'ura a gefen kai an auna gudun jini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan awo akwai shi a Kano. A Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala aka yi binciken da ya nuna maganin hydroxyurea yana kare yaran da awon ya nuna suna cikin haɗari. Labarin ne bai iso ƙauyenmu ba.

Aikina a nan kula da marasa lafiya ne a gidajensu. Akwai tsohon da in na rufe masa ƙofa, ba zai sake ganin fuskar mutum ba sai na dawo washegari. Namu yaron kuwa bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Baffansa ya sayar da rago, matan gida suka yi karo-karo, abokansa na makaranta kullum suna zaure. Wannan arzikin, Turawa ba su da shi, kuma ba na so mu rasa shi.

Sai dai tausayin namu ya so ya yi yawa. Uwar ce ke ba shi tuwo a baki, ita ke sa masa riga, in ya yunƙura a ce masa "sannu, zauna". Likitan gashin ƙashi ya ce a bar shi ya riƙa yi da kansa, don ƙwaƙwalwar yaro tana iya koyon sabuwar hanya, amma sai da maimaici, kullum, ko da zai zubar da miya. Na kira ta na ce, "Yaya, don Allah ki bar shi ya ɗauki cokalin." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ba ka ganin yadda hannun ke rawa." Gaskiyarta, ba na gani. Ni ina nesa, ita ke share miyar.

Duk da haka ta daure ta bari. Wata takwas ke nan. Yana tafiya, yana ɗan jan ƙafa, sai an kai shi Kano ƙarin jini da karɓar magani. Jiya ta waya ya ce mini, "Kawu, duba," ya ɓalle maɓallin rigarsa ya mayar. Ƙannensa biyu kuma ranar Litinin za a kai su awo.