Yadda kwarkwasa ta sauko da ni daga Dutsen Kamaru

A shekarar 2014 na kai wa kawuna ziyara a unguwar New Bell da ke Duwala, kuma a wajen hira bayan sallar isha'i na yi kurarin da ya jawo mini abin kunya, domin na ce wanda ya tashi yana hawan Dala da Goron Dutse babu tudun da zai gagare shi. Kawu bai yi musu ba, sai dai ya ce, "To, ɗana, jibi mu je Buya ka gaisa da babban yayansu."

Garin Buya yana gindin Dutsen Kamaru, dutse mai aman wuta wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, ga shi kuma ya tsaya daf da teku. Saboda sanyin wurin ne Jamusawa suka mayar da hedikwatar mulkinsu can a 1901, kuma har yau katafaren gidan da aka gina wa gwamnansu Puttkamer yana tsaye. Ni kuwa, da na ji zancen sanyi, sai na auna shi da hunturun Kano, na fito cikin shadda mai guga da takalmin fata, abin da ya sa ɗan jagoranmu, wani matashi ɗan ƙabilar Bakweri, mutanen yankin, ya dube ni tun daga hula har ƙasa ya tambayi kawu ko ɗaurin aure za mu je.

Kafin mu kai bukka ta farko a cikin bukkokin da matafiya ke yada zango, hazo ya jiƙa shaddar ta manne mini a jiki, numfashina kuma ya koma kamar na zugazugin maƙera. Yaron yana tafe yana ba mu labarin aman wutar 1999, wanda narkakken dutsensa ya gangara har ya datse hanyar bakin teku kusa da ƙauyen Bakingili, da kuma labarin Efasa Moto, mai gadin dutsen a al'adarsu, rabinsa mutum rabinsa dutse. Duk wannan bai dame ni ba sai da ya ambaci cewa akwai giwaye a dajin. Ya ƙara da cewa suna can ɓangaren da ke fuskantar teku, amma kunnena ya riga ya tsaya a kan giwa.

Ba a jima ba na ji ganye na motsi da ƙarfi a samanmu, abu na gangarowa a guje. Na yi salati, na daka tsalle na bar hanya, na dira da ƙafa biyu a tsakiyar jerin kwarkwasa, tururuwan nan masu cizo. Abin da ya fito daga hazon wata mace ce siririya mai atisayen gasar tseren da ake yi kowace shekara zuwa ƙololuwar dutsen, gasar da Sarah Etonge, uwar 'ya'ya bakwai, ta lashe har sau bakwai. Ta gaishe mu ta wuce ba ta ko haki, a daidai lokacin da kwarkwasar ta gama bin ƙafar wandona ta isa inda ba a faɗa.

Na tuɓe shadda da wando a tsakiyar daji ina rawar da ban taɓa koya ba, jagora yana cire mini su ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Alhaji, tsaya cik," kawu kuwa ya jingina da bishiya yana share hawayen dariya. Daga nan muka juyo, kuma na riga kowa isowa Buya da takalmi ɗaya a hannu.